Gyaɗar Gefen Faifai

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ko in ce ni na tashi da asuba, don sauran abokan tafiyar sai da rana ta fito suka same ni a ƙofar gida, zaune a kan kula sai ka ce mai tallan zoɓo. Direbanmu ya ce layin mai ne ya riƙe shi. Abokin aikina, wanda ke kula da ɗakin gwajinmu, ya ce shi a saninsa ƙarfe bakwai ma asuba ce in dai ranar hutu ce. Na shige kujerar bayan mota na rungume jakar ledojina na ce mu je.

Ga waɗanda ba su san abin da ya fitar da ni ba, ina karatun digiri na biyu ne a fannin sinadaran jikin ɗan Adam, aikina kuwa a kan gyaɗa yake. Idan gyaɗa ta sha danshi, ko a gona ko a wurin shanya ko a buhu, akwai wata fumfuna da ke kama ta, fumfunar kuma tana barin guba a cikin ƙwayar. Aflatoksin sunan gubar. Suya ba ta gamawa da ita, dahuwa ma haka. A hankali take cin hanta, ana kuma zargin tana tauye girman yara. Tambayata guda ɗaya ce: gyaɗar da mutanen karkara ke sakawa a tukunyarsu, yaya yawan gubar yake a cikinta? Ku riƙe wannan, tukunya na ce.

Sinadarin da ake gwajin da shi daga ƙasar waje ake kawowa. Malamina ya sha baƙar wuya kafin ya samo kwali ɗaya, aka raba mana mu uku, rabona gwaji talatin cif, kuma wa'adin sinadarin zai ƙare ƙarshen wata. Makaranta ta riga ta ƙara mini shekara ɗaya saboda haihuwa, an kuma gaya mini a rubuce cewa babu ƙari na biyu. In na ɓata talatin ɗin nan a kan gyaɗar da ba ita ba, shekara uku sun tafi a banza. Saboda tafiyar nan ma na gaggauta yaye 'yata, na kai ta wurin Umma mahaifiyata sati biyu da suka wuce, tana kuka ina kuka.

Zangonmu na farko Dawanau. Wanda bai taɓa shiga kasuwar nan da safe a lokacin kaka ba, bai san cunkoso ba. Tireloli sun toshe hanya, 'yan dako na gudu da buhu a ka suna ihun a ba su wuri, tantabaru sun ƙoshi har sun daina tsoron ƙafar mutum. Ƙamshin citta da na zoɓo da hayaƙin gas duk sun cakuɗe. An ce kwanon gyaɗa ya sauko saboda sabuwa ta fara shigowa, amma irin saukowar nan ce ta zamanin yanzu, wadda mai sayarwa kaɗai ke ganinta. Mazan suka zauna wurin mai shayi, ni kuwa na kutsa layin gyaɗa neman ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu a ɗebo na ciki.

Wani dattijo mai sayen gyaɗa ne ya sayar mini da nasa na biyu. Da ya ji abin da zan yi da shi sai ya soka wa wani buhu, ya baje ƙwayoyin a tafin hannu ya nuna mini.

"Hajiya, in mai baƙi-baƙi kike nema, nan ba ta zuwa. Buhun da muka ga baƙa a ciki mun karya masa daraja ke nan. Su ma sun sani, tun a gida suke tsince ta."

Na ce, "To ina take zuwa, Baba?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Wannan kuma sai ki tambayi matansu."

Direba na ta danna mini hon daga bakin titi, don haka na yi godiya na wuce. Ko a littafina ban rubuta maganar ba.

Daga Dawanau zuwa Bichi hanya ba laifi, in ka cire ramukan da direbanmu ya rantse ya san kowannensu amma bai kauce wa ko ɗaya ba. Ƙasar nan babu daji. Gona ce ke bin gona, ba ka gama fita daga wani ƙauye ba ka shiga wani, tsamiya da ɗorawa da darbejiya a tsattsaye a tsakiyar shuka. An girbe gero an jingine dammuna, dawa ta yi kai tana jiran lokacinta, gyaɗa kuwa an tuge ta an kife a kan kunya don ta sha iska. Shekaranjiya aka yi ruwan bankwana, mai ƙarfi, ya sauka a kan shanyar mutane. Manoma na ta salati, ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Danshi a kan gyaɗa shi ne abin da na fito nema.

A Bichi muka karya hagu muka nufi Bagwai. Malamin gonar da aka haɗa ni da shi a waya yana jiranmu a bakin gari, a kan babur, ya sha farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Tun kafin in gama gaishe shi ya fara ba ni albishir.

"Na gama miki komai, ranki ya daɗe. Tun Laraba na sanar da mai gari. Jiya ma bayan Juma'a an yi shela cewa likitar gyaɗa za ta zo daga jami'a ta duba ta kowane gida."

Izini kawai na ce ya nema mini. Ban gane girman ɓarnar ba tukuna.

Ƙauyen na bayan Bagwai kaɗan, ta hanyar burji. An share ƙofar gidan mai gari tas, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. Gaisuwa kaɗai ta ci kusan awa guda: ina gajiya, ina hanya, ina mutanen Kano, ina mai gida, yaya ruwa, sannan a koma kan gajiya. Aka kawo fura da nono mai sanyi, wadda ban taɓa shan mai daɗinta ba, wannan kam sai na faɗi gaskiya. Ina cikin sha na ga an fara jero ƙore, kowace an rufe ta da faifai, kowace daga gida guda. Mai gari ya yi nuni da hannu aka buɗe.

Jama'a, tunda nake ban taɓa ganin gyaɗa irin wannan ba. Jajir, ƙosassa, wata ƙwayar ba ta fi wata ba, babu fasasshiya, babu yamutsattsiya, ko ƙwanso ɗaya babu. Ashe tun Laraba matan garin suka ajiye komai suka zauna tsinta. Kwana uku! Mai gari yana murmushi yana jiran yabo, ni kuwa ji nake kamar in ɗora hannu a ka.

Na yi yabon, don ba ni da zaɓi. Sannan na roƙi a bar ni in shiga gidaje in ɗeba da hannuna daga buhu, na ce haka dokar aikin take. Aka amince. Mazan suka tsaya a zaure, na shiga ni kaɗai da ƙarfena da ledojina. Gidan farko an share tsakar gida, an fito da buhu an jingine a inuwa, an ma sa mini kujera a gabansa. Na soka sama, na soka tsakiya, na soka ƙasa. Jajir.

Na tambayi matar gidan, "Ina wadda kuke ci?"

"Ai ita ce wannan."

"Babu irin mai baƙin nan, ko mai ɗaci?"

Ta dafe ƙirji. "Wa? Mu? A gidan nan? Sai dai ko maƙwabta."

Na shiga maƙwabtan, suka ce sai dai ko gidan da na baro. Haka na yi ta zagaye har azahar, gida goma sha wani abu, kowa na tura ni gidan wani. Wata ta ɓata rai sosai, ta ce ita tunda aka kawo ta garin nan ba a taɓa ce mata ƙazama ba sai yau. Sai da na ba ta haƙuri. Kuma duk gidan da na fito sai an biyo ni da kwano cike, tsarabar baƙuwa, wadda ba a isa a ce a'a ba. Kafin a kira salla but ɗin motarmu ya fara cika da gyaɗar da ba ta da amfanin komai a wurina, ledojina talatin kuwa suna nan a ninke yadda na fito da su.

Na samu abokin aikina a gindin darbejiya, ya tara ɓawon dafaffiyar gyaɗa a gabansa ya yi tudu.

"Ki ɗebi wannan ɗin mana," in ji shi. "Daga gidajensu ta fito ai. Ki sa lamba, Litinin mu gwada, ki rubuta abin da ya fito. Wa zai sani?"

Na ce, "Ni."

Ba mugun mutum ba ne, ya dai ga ɗalibai da yawa sun zo sun wuce. Kuma ba zan ɓoye muku ba, maganar ta zauna mini a rai na ɗan lokaci. Da na bi ta, sakamako zai fito fes, in rubuta cewa mutanen karkara ba su da matsala, in karɓi takardata, kowa ya huta. Ƙarya ce kawai za ta zama, mai hatimin jami'a a kai.

Haushin sai na juye shi a kan malamin gona. Na ce wa ya aike shi shela? Na ce ya san abin da ya jawo mini kuwa? Bawan Allah ya tsaya yana kallona da mamaki na gaske.

"Haba Hajiya. Baƙuwa ta taso tun daga Kano, mace mai ilimi, a ɗauko mata ruɓaɓɓiyar gyaɗa? Ai sai a shekara ana yi da garin." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Ƙauyen da za mu gobe a ƙasar Kunci ma na aika musu."

Ban san lokacin da na yi dariya ba, irin wadda ake yi in kuka ya ƙi zuwa.

Mun ci abincin rana a Bagwai, ɗanwake da mai da yaji, da soyayyen kifin da ake kamowa a dam ɗin garin. Kifin ya yi daɗi, in ji su. Ni tura shi kawai nake. Malamina ya kira yana tambayar leda nawa na cika, Allah ya taimake ni sabis ya ɗauke kafin in ba shi amsa. Daga nan direbanmu ya ce ya san wata hanyar yanke da za ta fitar da mu ɓangaren Kunci ba sai mun koma ta cikin Bichi ba. Na ce ya tabbata? Ya ce shi da ya yi shekara yana jigilar taki a yankin nan. Bai faɗa mana cewa da rani ya yi jigilar ba. Ba mu yi nisa ba muka gangara wata fadama, motar ta yi gurnani sau biyu, ta zauna a cikin laka har ƙofa.

Mutanen wata 'yar unguwa mai gida bakwai ko takwas suka fito, aka tafi nemo shanun huɗa da igiya. Kowa na ba da shawara, babu mai jin ta wani. La'asar ta yi, na ɗauki jakata na nufi gidan da ya fi kusa don in yi salla, takalmina ya yi nauyi da laka, raina ya fi shi nauyi.

Na yi sallama na shiga. Nan shela ba ta iso ba. Tsakar gidan yadda Allah ya yi ta take, awaki, kaji, shanyar kuɓewa, wanki a igiya. Wata tsohuwa na zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, faifai a cinyarta, yatsunta na tafiya a cikin gyaɗa da saurin da ido ba ya bi. A damanta babban baho ne cike da ja mai kyau. A hagunta wani ɗan kwano, a cikinsa yamutsattsu da fasassu da masu baƙin ciki, wasu har da ɗan kore-kore a tsaginsu. Can gefe surukarta na gaban murhu tana juya irin ta ɗan kwanon a kasko, turmi na jira, ƙananan yara uku sun zagaye ta da kofuna a hannu. Tsohuwar na ganina ta ja gefen zaninta ta rufe ɗan kwanon.

Na yi alwala na yi salla, Allah dai ya karɓa, don rabin hankalina na ƙarƙashin zanin nan. Da na idar na matso tabarmarta muka gaisa. Ban fito da takarda ba, ban fito da ƙarfe ba, gajiya ma ba ta bar ni ba. Hannu kawai na sa a faifan na fara taya ta, don ni ma a kan faifai na girma. Mun jima a haka kafin in yi magana.

"Inna, wancan kwanon fa?"

"Wanne? Au. Ba komai ba ne, 'yar nan. Ta gefen faifai ce."

"Me ake yi da ita?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ake yi da ruwa. "Mai kyau ta Dawanau ce, da ita ake taki da sabulu da maganin zazzaɓi. Wannan a soya a daka, a dama wa yara kunu, a sa a miya. In ta taru a yi ƙuli. Wuta ai tana cinye komai."

Na gaya mata ko ni wace ce da abin da ya kawo ni. Na ce wutar ba ta cinye wannan, na yi mata bayanin hanta da girman yara, a hankali, da Hausar da ta fi wadda nake yi a gaban malamaina. Ba ta katse ni ba, hannunta kuma bai daina tsinta ba. Da na gama ta ce, "To, na ji. In na zubar, da me zan dama musu?"

Na fara kawo mata abin da ke cikin littattafai: a tuge gyaɗa a kan kari, a shanya a kan leda ko tabarma, kada a zuba a buhu sai ta bushe ƙarau, a ɗora buhu a kan katako.

"Wannan ta baɗi ce," in ji ta. "Ta yau nake tambayarki."

Shekara uku ina karatu a kan ƙwayar nan, na sunkuya na ci gaba da tsinta. Surukar ta juye kaskon a turmi ta fara daka.

Da na roƙi ta ɗiba mini kaɗan daga ɗan kwanon, sai ta ƙi. Ta ce in fita daga gidanta da wannan a hannu, ga maza cike a ƙofar gida ana fitar da mota? Ai ta gama kunyata ɗanta. Na ce lamba kawai nake sakawa a leda, babu sunan kowa. Ta yi ɗan tunani, ta ce in miƙo ledar. Ita da kanta ta cika, ta ƙulle, ta ɗaga hijabina ta cusa mini a ƙugu. Sannan ta ɗauki ƙwarya ta kamfato daga babban bahon, ta ɗora mini a hannu.

"Wannan ta idon mutane, waccan ta aikinki. Kuma in kina so a nuna miki, ki daina shiga gidan mutane da takarda a hannu. Ki zo da hantsi ki zauna ki taya tsinta. Wadda ta sa hannu a faifai ba a ɓoye mata kwano."

Abin da kwamitin malamai biyar bai gaya mini ba ke nan ranar da na gabatar da tsarin aikina. Kafin shanu su gama ciro motar, surukar ta raka ni gida uku a unguwar, na fito da leda huɗu a ƙarƙashin hijabi da ƙwarya huɗu a hannu. Abokin aikina ya ga ƙoren ya ce, "An kuma?" Na ce an kuma, buɗe mini kula.

A Kunci muka kwana, gidan wata 'yar uwar malamin gona. Da gari ya waye na kafa doka. Mota za ta tsaya nesa da gari. Mai gari za a gaishe shi a nemi izini a lokacin, ba kafin lokacin ba. Kalmar likita kuma kada in ƙara jin ta a bakin kowa. Ƙauyen da aka yi wa shela kuwa na ce malamin gona ya je shi kaɗai ya ba su haƙuri, tunda shi ya tara su. Ya tafi yana ɓata rai, ya dawo da azahar da rabin buhu a bayan babur, tsintacciya tas, wai sun ce ko ban zo ba a kai mini.

Ni kuwa wuni na yi a tabarmin mutane. Ƙasar Kunci ta fi ta Bagwai yashi da dabbobi, kowane gida da turken tumaki da tarin harawa a kan rufi. In na shiga sai in gaisa, in zauna, in ja faifai. A yi hirar ruwan bankwanan nan, a yi ta tsadar taki, a tambaye ni 'ya'yana nawa, a yi mini faɗan yaye da wuri. Can sai in faɗi abin da ya kawo ni, in karanta musu takardar neman yarda, in nuna ɗan kwanon da ke gefe. Wasu su yi dariya su rufe fuska, wasu su ce in rantse ba zan nuna wa mazan waje ba. Mace biyu sun ƙi, na yi musu godiya na tashi. A wata unguwa ta Kiristoci na tarar matan sun dawo daga coci ke nan, ko kayan ado ba su cire ba. Babbarsu ta ji bayanina ta ce, "Wannan ce damuwar? Ɗebi mana, mu ma ɗacinta ya ishe mu." Amma ita ma sai da ta biyo ni da tsaraba har bakin hanya. A manyan gidaje nakan samu leda uku ko huɗu a zama ɗaya, tunda kowace mace da tukunyarta. Amsar kuwa ba ta canza ba ko sau ɗaya: kunu, miya, ƙuli.

Da la'asar yatsuna sun yi jawur, bayana ya ƙage, ledoji ashirin da tara na kwance a kula. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, direbanmu ya ce shi kam ya gama da laka a wannan shekarar. Na ce a bar ɗayar, in maimaita wani gwajin da gurbinta.

Motar ta dawo tana jan gindi saboda nauyin tsaraba. A wani shinge jami'in ya leƙa but ya tambaya ko fatake ne mu, muka cika masa hularsa ya ɗaga mana hannu. Da muka zo wucewa ta Dawanau na ga tireloli sun yi lodi sun doshi kudu, sai maganar dattijon nan ta dawo mini. Tun jiya da safe ya ba ni amsar, a tsaye, kyauta, ni kuwa ina sauri.

Mun shiga Kano kafin magariba. Na ajiye kula a firijin ɗakin gwaji, na ce direba ya sauke ni gidan Umma, don kwana biyun nan ji nake kamar wata biyu ban ga 'yata ba. Na same ta a cinyar Umma a tsakar gida, ta riƙe kofi da hannu biyu. Ta kalle ni ta kawar da kai, har yanzu fushin yaye bai sake ta ba.

"Kin ga mutuniyar taki," in ji Umma, tana fara'a. "Ta ƙi madara, ta ƙi koko, amma kunun gyaɗa kamar me. Safe da yamma."

Sana'ar Umma tun muna yara suyar gyaɗa ce, ta ɗura a kwalabe a kai shaguna. Gyaɗarta ta yi suna a unguwa saboda ba a taɓa cin mai ɗaci a ciki. Mu muke tsince mata in mun dawo daga makaranta. Ina tsaye da jaka a kafaɗa idona ya sauka a kan tsohon gwangwanin madarar nan da ke kan tagar kicin, wanda na sani tun ban san kaina ba. Na je na buɗe. Ba sai na faɗa muku abin da na gani ba.

"Umma, da wannan kike dama mata?"

"Da me na dama miki? Ga ki nan har jami'a."

Na karɓe kofin daga hannun yarinyar, ta ƙwalla ƙara, Umma ta hau salati tana cewa boko ya fara taɓa ni. Na zaro ledar da ta rage, na juye gwangwanin a ciki, na rubuta talatin.

Ranar Litinin muka niƙa, muka auna, muka tace, muka ɗiga sinadari, muka zauna jiran na'ura ana roƙon Allah kada janareta ya mutu. Ba zan kawo muku lambobi ba, sai malamina ya gama dubawa na kuma kare aikin. Abin da zan iya cewa shi ne gubar tana nan, kuma lamba talatin ta zauna a tsakiyar 'yan uwanta, ba ta fi su tsabta ba. Abokin aikina ya nuna ta da biro ya ce, "Wannan wane ƙauye ne?" Na ce cikin Kano ne. Washegari na kai yarinyar asibiti, likita ya ce sati biyu ba abin tayar da hankali ba ne, a daina kawai. Na yi hamdala, sannan na tuna yara ukun nan da kofunansu, waɗanda nasu ba sati biyu ba ne.

Abin da tafiyar ta koya mini, wanda ya shafi aiki, mai sauƙi ne. Mutanenmu ba sa nuna wa baƙo tukunyarsu, fuskarsu suke nuna masa, kuma ba ƙarya suke yi ba, karamci ne. Mai son sanin abin da ake ci sai ya ajiye takarda ya zauna a tabarma. Na kuma gane wuni guda na yi ina jin haushin matan Bagwai a kan abin da ni ma na tashi ina yi da yatsuna.

Aikina ya tsira, malamina har da cewa madalla. Tsarabar da na yi ta tsaki a kanta kuwa ta tashi buhu ɗaya da rabi, na kai wa Umma gaba ɗaya na ce daga yau da ita za a riƙa dama kunu. Umma ta zuba hannu a ciki ta ce tunda take sana'a ba ta taɓa ganin gyaɗa mai tsabtar wannan ba. Ita 'yata ke sha yanzu, safe da yamma. Kowace ƙwaya a buhun nan wata mata ce ta zaɓe ta da hannu don kada baƙuwa ta raina gidanta, ta ture 'yar uwarta gefen faifai, kuma na san cikin da wadda aka ture ta shiga.

Babi na biyar na kundina, inda ake rubuta shawarwari, na cika shafi biyu da abin da za a yi baɗi. Na bar layi ɗaya a sama babu komai, na tambayar Inna mai ɗan kwanon nan ne. Ta yau take tambayata.